Garin da Babu Mai Ce Maka Bari

Motar albasa ce ta kawo ni Legas a 2004. Kwana biyu muka yi a hanya, ni da wasu samari huɗu, muna zaune a kan buhuna, warin albasa ya kama mana jiki har sai da muka daina jin sa. Da muka sauka a Mile 12 da asuba, aka kai ni wajen wani dattijo ɗan garinmu mai shayi a bakin kasuwa, wanda duk baƙon da ya zo daga wajenmu a hannunsa yake fara sauka. Ya haɗa mini shayi mai kauri, ya yanko burodi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da wata tsohuwa da ta shekara biyar da rasuwa bai ji ba. Sai da na ƙoshi sannan ya ce, “Ɗan nan, ka zo Ikko. Nan babu mai ce maka bari.”

Ni albishir na ɗauka ya yi mini. Sai da na shekara uku kafin in gane kashedi ne.

A garinmu, in ka makara sallar asuba, kafin hantsi liman ya tambayi mahaifinka ko lafiya. In aka gan ka a bakin tasha bayan isha'i, labarin zai riga ka isa gida. Duk wanda ya girme ka yana da ikon tsawata maka, ko da ba ku haɗa komai ba, kuma in ka kai ƙara gida sai a ƙara maka. Muna kiran wannan tarbiyya, kuma tarbiyyar ce, Allah Ya saka wa iyayenmu. Sai dai akwai abin da ba mu cika faɗa wa junanmu ba. Rabin natsuwar da muke taƙama da ita a gida aro ce, daga idon mutane muka are ta. Ranar da ka hau mota ka yi tafiyar wajen kilomita 1,000, masu idon sun karɓe kayansu. Abin da ya rage a jikinka bayan nan, shi ne naka.

Wannan ragowar nake kira kamun kai, kuma ban san wani gari da ke auna ta kamar Legas ba. Saurayi ne ɗan shekara 19, bai taɓa riƙe kuɗin kansa ba, yau ga shi kullum da yamma yana da na kashewa a aljihu. Babu uwa, babu mata, babu wan da zai ce ina ka kwana. A rumfa yake kwana ko a barandar masallaci, kuma daga inda ya shimfiɗa kwalinsa zuwa shagon caca taku ashirin ne. Mai ƙwaya ya san sunansa tun kafin limamin unguwa ya sani. Na ga wanda ya zo da allo da sauka a kansa, shekara biyu ya zama abin tausayi. Na kuma ga wanda mutanen gida suka sallama, suka turo shi Kurmi don su huta, ya zo ya zama shi ake ba ajiya. Kullum in aka ga irin na farko sai a ce Legas ta ɓata shi. Ni ban yarda ba. Legas buɗe kwano kawai take yi a ga abin da ke ciki.

Muna yawan cakuɗa kamun kai da haƙuri, alhali ba ɗaya ba ne. Haƙuri na abin da ya fi ƙarfinka ne: ruwa ya tsare motarka a hanya tumatir ya ruɓe, ko an tashi kasuwa, ko an yi maka rasuwa. Kamun kai kuwa na abin da ke hannunka ne, wanda in ka yi babu mai hana ka, in ka bari babu mai yaba maka. Bahaushe gwanin haƙuri ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Zai kwana a ƙarƙashin gada shekara guda bai yi ƙorafi ba. Amma mutumin nan da ya jure sauro da ruwan sama da wulaƙanci, ba shi Naira 20,000 a dunƙule ka dawo bayan kwana uku ka tambaye shi. Jure wuya daban, jure daɗi daban, kuma na biyun ya fi kayar da maza.

Gwamnati ma ta taɓa gwada koya wa 'yan ƙasa kamun kai da bulala. A watan Maris na 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda aka fi sani da WAI. Manyanmu da suke Legas a lokacin, tana babban birnin tarayya, suna ba da labarin yadda soja ke tsayawa a tashar mota da dorina, kowa ya bi layi kamar a sahu, ma'aikacin da ya makara a sa shi tsallen kwaɗo da kwat ɗinsa. Har yau akwai masu begen wannan zamani. Amma a watan Agusta na 1985 aka kifar da gwamnatin, kuma layin bai daɗe bayan dorinar ba. Irin tarbiyyar ƙauyenmu ce aka yi wa ƙasa baki ɗaya: ido ne, aka ba shi kaki.

Abin da ya fi koya mini hankali a kan layi ba soja ba ne. A watan Maris na 2008 aka fara manyan motocin bas na BRT, kuma a lokacin daga nan Mile 12 suke tashi zuwa CMS da ke tsibirin Legas, don haka a gaban idona aka yi. Mutumin da jiya na gani yana shiga danfo ta taga, yana take tsohuwa, yau ga shi tsaye a layi, hannu a aljihu, yana jiran a zo kansa. Halinsa bai sake a dare ɗaya ba. An dai kafa ƙarafa a tashar, hanyar shiga ɗaya ce, sai ka biya kafin ka hau, kuma ya san in wannan motar ta cika wata tana tafe. Da aka gyara wurin, sai bin layi ya fi turereniya sauƙi. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin ya rushe mini abin da na taso da shi, cewa mai kamun kai wani gwarzo ne mai zuciyar dutse wanda ke kallon abin sha'awa ya kau da kai. Mutanen da na sani masu kamun kai na gaske ba su yarda da zuciyarsu ko kaɗan ba. Sun san ta sarai, shi ya sa suke kafa mata ƙarafa tun kafin ta motsa. Malamanmu sun karantar da mu a Suratu Yusuf cewa rai mai yawan umarni ne da mummunan abu, sai wanda Ubangiji Ya yi wa rahama. Wanda ya ji wannan ya ci gaba da cewa “ni na san kaina, ba abin da zai ja ni,” bai ji karatun ba.

Dubi azumi. Ɗan dako a kasuwarmu zai ɗauki kwandon tumatir a ka tun safe, cikin zafin Legas mai haɗe da gumi, ruwan leda yana yawo a gabansa ana talla, kuma akwai lungu dubu da zai shiga ya kurɓa babu wanda ya gani. Ba ya sha. Wata guda cur. To wa zai ce wannan bawan Allah ba shi da kamun kai? Amma shi ɗin ne dai bayan Sallah zai rantse zai rage kashe kuɗi, kwana huɗu ya koma gidan jiya. Ban da lada da tsoron Allah, waɗanda su ne gaba, azumi yana da wani abu da alkawuranmu ba su da shi: yana da alfijir, yana da magariba. An san lokacin kamewa, an san na sha, an san abin da ke karya shi, kuma kowa a gefenka yana yi. “Zan rage” kuwa ba ta da alfijir. Rage nawa? Daga yaushe? Zuciya tana son irin wannan alkawarin, domin ba ranar da za a kama ta da laifin saɓa shi.

Ni shekaruna uku na farko a dako na yi su. Ina samu, wallahi ina samu, fiye da abin da malamin firamare yake ɗauka a garinmu a lokacin. Ba na shaye-shaye, ba na bin mata, kuma da wannan nake yaudarar kaina cewa ni shiryayye ne. Kuɗina a ƙananan ramuka suke zurarewa: gidan kallon ƙwallo, cacar da ake cewa ta wasa ce, tsire da daddare, sabuwar riga don wani ya saya, rance ga abokin da ni da shi mun san ba zai biya ba. Da Babbar Sallah ta shekara ta uku na je gida da shadda mai maiƙo da waya mai kyamara, na raba wa yara sababbin kuɗi, aka yi ta sa mini albarka. Ranar komawa sai da mahaifiyata ta sayar da akuyarta ta ba ni kuɗin mota. Ba ta ce komai ba. Ta ƙulle su a leda ta sa mini a aljihu da kanta, don kada matan gida su gani. Daga garinmu har Ilori ban iya haɗiye ko ruwa ba.

Da na dawo na je wajen dattijon nan mai shayi na zayyana masa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya jawo wani littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe sabon shafi, ya ce in rubuta sunana da kaina tunda na yi boko. Ashe rabin samarin garinmu suna da shafi a ciki. Sharaɗinsa biyu. Na farko, kuɗin dakon farko na kowace rana nasa ne, a kawo kafin a karya. “Kada ka kawo mini abin da ya rage,” in ji shi, “ba ya raguwa.” Na biyu, in kana son kuɗinka, ka faɗa yau, ka karɓa bayan kwana uku, sai fa in ciwo ne ko mutuwa.

Wannan kwana ukun ya fi komai ƙona mini rai. Akwai ranar da wani ya kawo agogo zai sayar da araha, na zo a guje. Ya ce in dawo gata. Na ce, “Baba, kuɗina ne fa.” Ya ci gaba da fifita wutarsa, ya ce, “Naka ne. Gata ma naka ne.” Kafin gata na manta da agogon. Da na zauna daga baya na yi lissafi, cikin sau goma da na nemi kuɗi, da ƙyar nake komawa karɓa sau uku. Sauran bakwai ɗin sha'awa ce mai kwana ɗaya, wadda in ba a ba ta abinci ba take mutuwa da kanta. Dattijon nan bai ƙara mini ƙarfin zuciya ko na ƙwayar zarra ba. Tazara kawai ya sa tsakanin hannuna da aljihuna. Da kuɗin littafin nan na fara sayen buhun albasa biyu na kasa, kuma a kan albasar nake har yau.

Ba mu muka fara wannan dabara ba, ba kuma mu kaɗai ke yin ta ba. Iyayenmu mata sun daɗe da adashi da asusu. Matan Yarbawa da muke kasuwa tare suna da nasu mai karɓar ajo, wanda ke bin rumfa-rumfa kullum da kati yana sa alama, ƙarshen wata ya mayar wa kowa nasa ya cire zubin kwana ɗaya ladan aikinsa. Wani ɗan boko ya taɓa ce mini wannan wauta ce, ka biya mutum don ya riƙe maka kuɗinka. Na ce masa matar da ke biyan ta gina gida a Ikorodu, ta kai 'ya'ya uku jami'a da kuɗin barkono. Naira 500 a rana ba ta sayen abincin kirki yanzu, amma a shekara Naira 182,500 ce. Kowa ya iya wannan lissafin. Abin da ke da wuya shi ne ranar Talatar da aka yi ruwa, ciniki bai yi ba, ga yunwa, ga mai kati ya tsaya a kanka. An ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mun fi jin hadisin a kan nafila, amma duk ɗan kasuwa ya san yana aiki a rumfa.

Yanzu bari in taɓo inda zan sha zagi. Babban abin da ke cinye ɗan Arewa a Legas, a ganina, ya fi caca ya fi ƙwaya yawa, domin yana cin har mutanen kirki. Kunya ce. Ita ɗin dai da ta tsare mu a gida, a nan ita ke yanka mu.

Duk wanda ke Legas, a wajen mutanen gida mai kuɗi ne. Ba su ga inda yake kwana ba, shaddar Sallah suka gani, kuma mu muka nuna musu ita. A da, kafin saƙo ya zo sai an sami direba ko wani mai tahowa, kafin ka aika sai ka sami mai tafiya. Wannan jinkirin shi ma irin kwana ukun Baba ne, yana tace buƙata ta gaske daga wadda ba ita ba. Yanzu waya ce. Ƙarfe goma na dare za a kira: “Yaya, ana sunan wance jibi.” “Kawu, an ce mu kawo kuɗin anko.” “Ɗan nan, rufin ɗaki ya yaye.” Ga mai POS a kowane lungu, nan da can, babu uzurin da za ka kawo. Kafin ka ajiye wayar kuɗin sun isa. Kuma ba riba kake aikawa ba, domin ribar ta ƙare tun ran goma ga wata. Uwar kuɗi kake yanka. Na san mutane da yawa, masu sallah, masu gaskiya, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar shagon caca ba, da suka shekara 15 a garin nan suka koma gida da jakar leda, saboda bakinsu bai iya furta “babu” ba. Abin takaicin, waɗanda suka cinye jarin su ne na farkon cewa, “Duk shekarun nan da ya yi a Ikko me ya tsinana?”

Kada a ji ni a karkace. Zumunci wajibi ne, iyaye kuwa ba a ma kawo su cikin lissafi, haƙƙinsu yana gaba da cikinka. Kuma wanda Allah Ya buɗa wa ya ƙi taimakon danginsa, wannan ba kamun kai yake yi ba, rowa ce, kada ya fake da rubutuna. Abin da nake cewa, yawancin abin da muke aikawa ba don Allah muke aikawa ba, don kada a ce ne. Kyautar da ka yi kana cizon yatsa, kana zagin mai roƙon a zuci, ban ga ladan da za ka tsinta a ciki ba, ga jari ya tafi. Kaza mai ƙwai ake yankawa don a fita kunyar baƙo ɗaya.

Shekarar da na yi aure na yanka wa kaina ƙa'ida. Na iyaye daban, kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Na sauran dangi kuma adadi ne sananne, in ya ƙare ya ƙare, sai wata mai kamawa, in ba asibiti ba. Na faɗa musu da bakina, wanda shi ne ya fi wuya. Wata gwaggona ta shekara ba ta amsa gaisuwata, ta aiko a gaya mini Legas ta mayar da ni Bayarabe. (Na so in ce mata da ta ga yadda Yarbawan ke hidimar biki da ba ta faɗi haka ba, amma na yi shiru.) An kira ni marowaci, an ce matata ta mallake ni. Shekara shida bayan nan mijinta ya kwanta ciwo, aka nemi kuɗin aiki a asibiti a Kano, aka zagaya dangi kaf. Masu kyautar da ake yabo duk babu. Ban kawo wannan don in wanke kaina ba, har yanzu akwai daren da nake tunanin ko na tsaurara da yawa, musamman ga ƙannena mata. Amma na gane cewa wanda ba zai iya jure a kira shi marowaci na shekara ɗaya ba, zai wuya ya taɓa zama mai amfani ga kowa.

Ga fushi kuma, ba sai na ja ba. Wanda yake nan a watan Maris na 2016 ya ga yadda rigimar da ta faro daga kan titi ta zama faɗan ƙabila a Mile 12, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, gwamnatin Ambode ta rufe kasuwar, kaya suka ruɓe a kan motoci. Manyanmu kuma suna tuna irin wannan faɗan da aka yi a unguwar Idi-Araba a 2002. Baƙo a garin mutane, in ya ɗaga hannu ba shi kaɗai ya ɗaga ba, ya ɗaga ne da wuyan mai gadi da mai shayi da mai wankin takalmi da ba su san hawa ba balle sauka. Hadisin da ya ce mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, ba gwanin kokawa ba, kamar don mu aka faɗe shi.

Akwai kuma masu sayar da kamun kai kamar maganin ƙwarai na cikin mota, mai warkar da ciwo arba'in. Ka tashi ƙarfe huɗu, ka daina shan lemo, za ka zama Ɗangote. Ba na musun ƙwazon Alhaji Aliko, amma tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, attajirin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi gaba da kowa a dukiya a Afirka ta Yamma. Ɗan dakon da aka ce ya kwaikwaye shi ba daga wuri ɗaya suka tashi ba. Kamun kai ba ya hana a kore ka daga titi. Ran 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta haramta acaɓa baki ɗaya a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa, bayan wata uku ta ƙara huɗu, har da Kosofe inda kasuwarmu take. Aka kama babura aka murƙushe, na mashayi da na mai tsoron Allah a tuli ɗaya. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki. Dalar da gwamnati ke sayarwa Naira 460 da 'yan kai kafin Yunin wannan shekarar, ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya hana cikinsa ya tara takardar Naira, yana zaune darajarta ta zube a hannunsa. Duk mai mulkin da zai hau mumbari ya ce wa irin wannan mutumin ya ƙara ɗaure ɗamara, ya fara nuna mana tasa ɗamarar.

To amma na ga abin da ya biyo bayan hana acaɓar, domin da yawansu ta rumfata suka bi. Guguwa ɗaya ce ta kaɗa kowa, faɗuwar ce ba ɗaya ba. Wanda yake da ɗan abu a gefe, ko tumaki a gida, ko zubin adashin da ya kusa zagayowa kansa, ya sami zaɓi: wani ya haɗa da ɗan'uwansa suka karɓi Keke, wani ya koma Ogun da babur ɗinsa, wani ya kasa doya, wani ya tafi gida ya yi noman rani da mutuncinsa. Wanda kuwa kullum abin da ya samu a ranar yake ƙarewa, sai da aka yi masa karo-karon kuɗin mota a masallaci. Ban ce na biyun ya cancanci abin da ya same shi ba, wani nauyin gida ne ya hana shi tarawa, ba shashanci ba. Iyakar abin da na gani ke nan: kamun kai bai sa kowa kuɗi a cikinsu ba, amma ya bar wa wasu ikon cewa ga inda za ni.

Baba mai shayi ya koma gida tun kafin korona, ƙafa ta hana shi tsayuwa, can Allah Ya karɓi abinsa. Littafin ajiya yanzu a wajena samarin garinmu suke buɗe shi, sai dai shafukan ba sa cika kamar da. Kuɗin yaran yanzu ba sa biyowa ta tafin hannu balle a kawo kafin a karya. A waya suke shiga, kuma a cikin wayar nan shagon cacar yake, a buɗe dare da rana, babu taku ashirin ɗin ma. Ni da nake wannan dogon bayani, sau nawa nake cewa bari in duba saƙo ɗaya bayan isha'i, in farga ƙarfe ɗaya ta wuce ina kallon faɗan mutanen da ban sani ba a TikTok, asuba ta zo ina jan ƙafa. Sai da na koma miƙa wa maiɗakina wayar ƙarfe goma, ta kulle a durowa. Tana dariya, wai mai gemu da furfura a karɓe masa waya kamar ɗan firamare.

Ɗan yayata ya zo bara, yana taya ni a rumfa. Yaro mai hankali, ba ya ɗaga ido ya kalle ni. Wata biyar ina ba shi haƙƙinsa, ban ga ya sayi ko silifa ba, na ɗauka tarawa yake. Ranar da uwarsa ta nemi ya aika mata na magani ya fashe da kuka. Duk sun tafi a cacar ƙwallo, ɗari biyu-biyu, ɗari biyar-biyar, kullum saura wasa ɗaya ya ci. Na so in kai masa mari, na tuna akuyar mahaifiyata. Na ba shi labarin littafin Baba da kwana ukunsa, ya saurara, ya ce, “Kawu, ni ba kwana uku ne matsalata ba. Asabar da Lahadi ne.” Shi ya kawo shawarar da kansa: ranar Asabar kafin azahar zai kawo mini babbar wayar in kulle, ya riƙe ƙaramar mai tocila, sai Litinin da safe ya karɓa.

Mako uku a jere yana kawowa. Na huɗu ban gan shi ba sai bayan isha'i, yana ta kame-kame, ni kuma ban tambaye shi ba. Asabar ɗin da ta wuce tun ina kasa albasa ya zo ya ajiye ta a kan buhu, har da cajar, ya juya ya tafi sauke mota.